Tafiya da karaban ni kaɗai da karnuka biyu, da neman aiki a kan hanya: ina neman shawara

Baban Amira (Melbon):

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Ostireliya. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da na daɗe ina juya shi a raina. Shekaruna sun haura hamsin, yara sun girma kowa ya kama gabansa, kuɗin hayar gida a Melbon kuma ya kai inda mafi tsokar abin da nake samu a can yake ƙarewa. Ina so in saki gidan hayar, in sayi karaban, wato ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, in riƙa zagaya ƙasar ina aiki a inda na samu, in tashi idan aikin ya ƙare. Ni kaɗai zan tafi, sai karnukana guda biyu waɗanda na samu tun lokacin da nake gadin wani wurin ajiyar kaya a bayan gari. Ɗayar mace ce 'yar shekara uku, jinsin kelpie, wato karen kiwon tumaki, ba ta iya zama wuri ɗaya. Ɗayan kuma namiji ne da ya tsufa, ƙafafunsa na baya sun fara ba shi wahala. Ba ni da niyyar rabuwa da ko ɗaya daga cikinsu, don haka duk shawarar da za a ba ni ina roƙon a gina ta a kan cewa tare za mu tafi.

Ina da takardar zama ɗan ƙasa, saboda haka babu wata matsalar biza. Ina da lasisin tuƙa motar ɗaga kaya, na yi aikin sito da aikin gadi shekaru masu yawa, kuma na iya walda gwargwado. Motata mai amfani da dizal ce, mai jan taya huɗu, buɗaɗɗen baya amma da rufi. Aikin da ba na so shi ne na mashaya ko duk inda za a sa ni sayar da giya.

Abin da nake son sani shi ne ko masu gonaki da masu ɗaukar ma'aikata suna karɓar mutum idan ya zo da karnuka, kuma ina ake barin karnukan a tsawon sa'o'in da mutum yake wurin aiki. Ina kuma son a faɗa mini ta wane ɓangare ya fi dacewa in fara, a wane wata, da irin haɗarin da ke jiran kare a ƙauyukan ƙasar nan, domin ni zaman birni kawai na sani. Wanda ya san yadda ake yi da salla da abincin halal a irin wannan rayuwa shi ma ya taimaka mini. Allah ya saka da alheri.

Na-Gona (Riverland):

Wa alaikumus salam, Baban Amira. Irin rayuwar da kake tambaya a kanta ita nake yi, da kare ɗaya, kuma a shekaru kusan sa'anninka nake, don haka zan faɗa maka abin da na gani ba tare da ado ba. Samun aiki ba shi ne wahalar ba, musamman ga wanda yake da lasisin motar ɗaga kaya, yake da motarsa da wurin kwanansa. Manomi yana murna da ma'aikacin da ba sai an nema masa ɗaki ba. Wahalar tana cikin tambayarka ta biyu, wato inda karnukan za su wuni daga asuba zuwa la'asar. Amsar wannan tambaya ita ce za ta zaɓa maka aiki, ita za ta zaɓa maka gari, ita za ta zaɓa maka watan tafiya. Wanda ya fara karɓar aiki sannan ya koma yana tunanin karnuka, cikin mako guda zai ajiye aikin, ko kuma ya cutar da dabbobin.

Ga misali. Aikin da ya fi kawo kuɗi cikin ɗan lokaci shi ne na rumbunan hatsi a lokacin girbin alkama da sha'ir, daga Oktoba zuwa Disamba, inda kamfanoni irin su CBH a Yammacin Ostireliya da GrainCorp a gabas suke ɗaukar ma'aikatan wucin gadi masu yawa. Amma aikin yana iya kai wa sa'a goma sha biyu a rana idan girbi ya kankama, a lokacin da zafi ya fara tsanani, a fili fetal mai ƙura da manyan motoci, kuma ba wurin da za a shiga da kare ba ne. Haka ma shagunan da ake tattara 'ya'yan itatuwa ana zuba su a kwali: aikin ya dace da lasisinka, sai dai dokar tsabtar abinci ta hana dabba kusantar wurin, har cikin lambun ma galibi ba a yarda ba. Idan ka ce za ka sauka a masaukin karaban na cikin gari ka riƙa zuwa aiki daga can, to ka sani yawancin masaukan da suke karɓar karnuka suna da sharaɗin cewa ba a barin kare shi kaɗai. Ranar da tsohon naka ya wuni yana haushi, da yamma mai wurin zai zo ya same ka.

Aikin da ya fi dacewa da mai kare shi ne wanda za a ba ka wurin ajiye karaban a cikin gonar da kake aiki. Inda nake yanzu gonar lemo ce ta iyali ɗaya. Karaban ɗina yana bayan rumfar taraktoci, ƙarƙashin wata babbar bishiya, an ja mini wuta da ruwa daga rumfar. Na kewaye gefen inuwar da shingen ƙarfe mai naɗewa wanda nake tafiya da shi, na sa bokitin ruwa biyu, na ɗaure kowanne da waya a jikin shingen don kada ya kife. Lokacin hutun shayi na hantsi nakan taka in duba shi, haka da azahar, in canza ruwa, in ga inda inuwa ta koma, domin wurin da yake da inuwa da ƙarfe bakwai na safe yana iya zama tsakiyar rana da ƙarfe biyu. Irin wannan tsari ana samunsa a ƙananan gonaki, da manyan gandayen kiwon shanu da tumaki inda ake neman mai kula da famfunan ruwa da gyaran shinge, da kuma masaukan karaban da kansu, waɗanda suke ɗaukar mai shara da yankan ciyawa su ba shi wurin sauka. Waldarka za ta yi maka amfani a gandayen kiwo fiye da yadda kake zato. Akwai kuma jiran gona, inda mai gona zai yi tafiya ya bar maka gida da dabbobi ka kula da su. Yawanci ba a biyan kuɗi, amma kana samun wurin zama da wuta da ruwa kyauta tsakanin aiki da aiki.

Idan ka kira mai gona, ka faɗi maganar karnukan a cikin jimlolinka na farko, kada ka bari sai ka iso ƙofar gonarsa. Ka gaya masa jinsinsu da shekarunsu, an yi musu riga-kafi, ana ba su maganin tsutsar ciki a kan kari, kuma ba za su taɓa yawo a sake ba. Wanda yake kiwon tumaki zai fi kowa tsananta tambaya, kuma yana da gaskiya, domin kare baƙo yana iya yi wa garke ɓarna a dare ɗaya, doka kuma ta ba makiyayi damar harbe karen da ya kama yana far wa dabbobinsa. Macen taka ita ce abin lura a nan, tunda an halicci jinsinta ne da son kora tumaki. Wasu za su ce a'a nan take, kada ka ji haushi, ka gode musu ka kira na gaba.

Game da inda za ka fara, shawarata ita ce ka bi sanyi. Lemo a nan Riverland, wato garuruwan Renmark da Berri da Loxton, da kuma yankin Mildura, ana tsinkarsa ne daga wajen Mayu zuwa Oktoba, lokacin da rana ba ta da zafi, kuma daga Melbon tafiyar yini ɗaya ce. Inabi a Mildura da Robinvale, da tuffa da fiya a Shepparton, daga Janairu zuwa Afrilu ake yinsu, cikin tsananin bazara, don haka ba da su zan so ka fara ba. Arewacin ƙasar damina da rani gare shi kamar gida, sai dai a juye: rani daga Mayu zuwa Oktoba, kuma a lokacin ne ake aikin tumatir da tattasai a Bowen da kankana a Kununurra. Mangwaron Darwin da Katherine yana nuna ne a ƙarshen shekara, lokacin da zafi da gumi suka fi tsanani gab da saukar ruwa, wannan kuwa ba lokacin tsohon kare ba ne.

Ka kuma san haƙƙinka. Tun daga Afrilun 2022, ko da jinga aka ba ka a aikin lambu, wato a biya ka gwargwadon akwatunan da ka cika, dole abin da za ka samu a rana ya kai mafi ƙarancin kuɗin sa'a na sa'o'in da ka yi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma dala 24.95 a sa'a daga 1 ga Yulin 2025, ma'aikacin wucin gadi kuma ana ƙara masa kashi 25 cikin ɗari a kai, ban da kuɗin fansho da ake zuba masa. Duk ɗan kwangilar da ya ce zai biya ka kuɗi a hannu babu takardar albashi, ka rabu da shi. A Biktoriya da Kwinsland dole mai samar wa gonaki ma'aikata ya kasance da lasisi, kuma kana iya duba sunansa a intanet kafin ka kama hanya.

Maman Sadiƙ (Perth):

Kawu Baban Amira, barka da wannan niyya. Ni mataimakiyar likitan dabbobi ce, na yi aiki a arewacin jihar nan kafin in dawo Perth, kuma zan tsaya ne a kan lafiyar karnukan kawai.

Abu na farko da nake so ku riƙe shi ne gubar da ake kira 1080. Hukumomi da masu gandayen kiwo suna sa ta a cikin busasshen nama su watsa a daji don kashe yanyawa da karnukan daji, a wasu wuraren ma daga jirgin sama ake zubawa. Ana amfani da ita a faɗin ƙasar, amma ta fi yawa a nan Yammacin Ostireliya da yankunan kiwo. Ba ta da makari. Naman ƙarami ne, kare yana haɗiye shi kafin mai shi ya waiga, sai bayan wani lokaci, wani zubin sa'o'i, a ga ya fara gudu ba kan gado yana kuka, yana amai, sannan farfaɗiya ta kama shi. Yawancin waɗanda aka kawo mana a wannan hali sun riga sun wuce inda za a cece su. Ana kafa allunan gargaɗi a bakin hanya da ƙofofin gonaki, amma rashin allo ba hujja ba ce, domin tsuntsaye suna ɗaukar naman su yar a wani wuri, kuma a busasshiyar ƙasa gubar tana daɗewa da ƙarfinta. Mushen dabbar da ta ci gubar shi ma yana kisa. Abin da ke kare kare shi ne igiya da takunkumi mai kama da kwando, wanda yake barinsa ya yi haki ya sha ruwa amma ba ya iya ɗaukar komai daga ƙasa. Ku fara saba musu da takunkumin tun yanzu a gida, kuna sa ɗan abinci a cikinsa har su riƙa cusa baki da kansu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Duk gonar da kuka sauka kuma, ku tambayi mai ita yaushe aka sa guba a ƙarshe, a gonarsa da ta maƙwabtansa, kuma ina yake ajiye maganin ɓera.

Na biyu kaska, kuma iri biyu ce. Ta gabar gabas, daga arewacin Kwinsland har gabashin Biktoriya, tana shanye jikin kare: za ku ji muryarsa ta canza, ƙafafun baya su yi rauni, numfashi ya yi nauyi. Wannan ya dame ni game da tsohon naku, domin da yake ƙafafunsa sun riga sun raunana, kuna iya ɗaukar alamar farko a matsayin ciwonsa na kullum. Kaska ta biyu ita ce mai launin ruwan ƙasa, wadda take yaɗa cutar erlikiyosis da aka fara ganowa a yankin Kimberley na arewacin jihar nan a 2020, yanzu kuma tana arewacin ƙasar. Ita wannan cuta tana shiga jiki cikin 'yan sa'o'i da cizon, shi ya sa ƙwayar da ake haɗiya ba ta isa ita kaɗai ba, tunda sai kaskar ta ciji kafin ta mutu; a arewa ana haɗawa da abin wuya mai korar kaska. Kowace yamma ku bi jikinsu da yatsu, cikin kunne, ƙarƙashin abin wuya, leɓe, da tsakanin yatsun ƙafa. A nan ne kuma za ku riƙa cire ƙayar ciyawa kafin ta nutse cikin fata. Kada a manta da maganin tsutsar zuciya, wadda sauro yake yaɗawa.

Na uku zafi. Ina roƙonku kada ku dogara da na'urar sanyaya ɗaki ku kulle karnuka a karaban ku tafi aiki. Wutar masauki tana yankewa, karaban kuma akwatin ƙarfe ne da yake ɗaukar zafi cikin mintuna kaɗan. A jiharku ta Biktoriya laifi ne a bar dabba a mota fiye da minti goma idan zafin waje ya kai digiri 28. Idan kun ga kare yana haki ba ƙaƙƙautawa, dasashinsa ya yi ja, yana tangaɗi, ku jiƙa shi da ruwa mai sanyi, ku sa shi gaban fanka, ku kama hanyar asibiti a lokaci guda.

Idan kun je arewa akwai ƙarin abu biyu. Akwai wani babban kwaɗo mai dafi da aka shigo da shi Kwinsland a 1935, wanda yanzu ya bazu har Kimberley; idan kare ya cafke shi, a goge masa dasashi da harshe da jiƙaƙƙen tsumma ana wankewa ana maimaitawa, kada a ɗura masa ruwa da tiyo don kada ya shiga huhu. Akwai kuma kadoji a koguna da bakin teku, kuma kare a bakin ruwa yana jawo su. Idan kuma kun yi sha'awar Tasmaniya, inda bazara take da sauƙi ake kuma aikin ceri da tuffa, jirgin ruwa yana tashi daga Geelong zuwa Devonport, kuma dole a ba kare maganin tsila cikin kwana 14 kafin shiga, da shaidar an ba shi.

Kafin ku tashi, ku kai su wurin likitanku a duba su, ku karɓi kwafin tarihin lafiyarsu, ku tanadi maganin gaɓoɓin tsohon na watanni, kuma ku tabbatar lambar wayar da ke rajistar ƙwayar shaidarsu ta ƙarƙashin fata ita ce wadda kuke riƙe da ita. A wasu yankunan asibitin dabbobi mafi kusa yana da nisan ɗaruruwan kilomita. Ku kuma sani cewa kusan duk gandayen daji na ƙasa sun hana shiga da kare, ko da a cikin mota zai zauna, amma dazuzzukan gwamnatin jiha a Biktoriya da New South Wales galibi suna karɓa.

Ɗan Damagaram (Adelaide):

Yaya Baban Amira, ni ban yarda da wani ɓangare na shirinka ba, kuma gara in faɗa maka yanzu. Kada ka saki gidanka kafin ka gwada. Samun haya a biranen nan ya yi wuya, mai karnuka biyu kuma wanda ba shi da albashi tsayayye shi ne na ƙarshe a layi. Ka nemi hutu ko ka sa wani amintacce a gidan da izinin mai shi, ka yi kaka ɗaya a waje, sannan ka yanke hukunci. Rayuwar hanya ba ta da arha kamar yadda ake ɗauka: mota tana shan mai sosai idan tana jan kaya, dizal a gidajen man daji ya fi na birni tsada, akwai inshora da rajista na abin hawa biyu, akwai taya, akwai makonnin da babu aiki.

Ni makanike ne, kuma abin da na fi gani yana kayar da sababbin shiga shi ne nauyi. Kowane karaban yana da iyakar nauyin da aka rubuta a jikin farantinsa, motar ma tana da nata, sannan akwai iyakar jimillar su biyun a haɗe. Rarar da ake bar maka ta kaya sau da yawa 'yan ɗaruruwan kilo ce kawai, kuma kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce. Ka lissafa tankin ruwa, tukunyar gas, batir, injin walda, shingen da Na-Gona ya ambata, buhunan abincin kare, da karnukan kansu; nauyin da karaban yake ɗora wa ƙugiyar mota shi ma a lissafin motar yake shiga. Ka loda komai ka je ma'aunin motoci a auna kafin tafiya, domin idan ka wuce iyaka akwai tara, kuma kamfanin inshora yana iya ƙin biya idan an yi haɗari. Abin ja da ya wuce kilo 750 dole ya kasance da birkinsa, wanda ya wuce kilo 2,000 kuma dole ya kasance da birkin da yake kama kansa idan ya ɓalle daga mota.

Sai batun kaɗaici, wanda ba wanda ya taɓa shi. Idan ka faɗi ko maciji ya sare ka a inda babu kowa, kai da karnukan duka kuna cikin haɗari. Layin Telstra ne ya fi kai wa ƙauyuka, amma shi ma yana ɗaukewa da zarar ka bar gari. Ka sayi na'urar kiran agaji ta tauraron ɗan'adam ka yi mata rajista, ka sa rediyon oba-oba a mota, inda direbobin manyan motoci suke magana a tasha ta 40, domin za ka haɗu da tireloli masu tsawon fiye da mita 50 da za su so su wuce ka. Ka biya kuɗin rajistar motar asibiti, tunda ga mazaunin Biktoriya ba kyauta ba ce. Ka rubuta kati ka sa a aljihu da jikin ƙofar karaban, mai cewa kana da karnuka biyu, da lambar wanda zai karɓe su idan an kwantar da kai. Hanyar Nullarbor kuwa, mai kusan kilomita 1,200 tsakanin Ceduna da Norseman, ka bar ta sai ka goge.

Almajirin Malam (Sidni):

Alhaji, a kan tambayarka ta ƙarshe zan yi magana. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, kare mai rai ba najasa ba ne, haka yawunsa da guminsa, sai dai ana wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai don bin umarni. Hadisi ya halatta riƙe kare don farauta da kiwo da gona, malamai da yawa kuma sun haɗa da gadi, wanda shi ne halin mutumin da yake kwana shi kaɗai a daji. Amma saboda hadisin da ya zo a kan mala'iku da gidan da yake da kare, na fi so ka shirya musu makwanci a bayan motar taka mai rufi ko a rumfar gefen karaban, cikin ɗakin ya zama wurin kwananka da sallarka. Kana yin ƙasaru a kan hanya, amma da zarar ka yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri sai ka cika salla.

Masallatai a ƙauyukan ƙasar nan sun fi yadda ake zato. Akwai a Mildura da Griffith da Young, akwai na Albaniyawa a Shepparton da Mareeba, akwai na Katanning a yamma wanda Musulmin Malay suka gina, da na Alice Springs. Inda duk akwai masallaci za a nuna maka inda ake samun naman halal, kuma a nan ne ake jin labarin manomin kirki da ɗan kwangilar da ya kamata a guje wa. Ka sa ƙaramin firiza a lissafin nauyinka, ka riƙa cika shi duk lokacin da ka ratsa irin waɗannan garuruwa.

Baban Amira (Melbon):

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karɓi shawarar Ɗan Damagaram, ba zan saki gidan ba sai na ga yadda kakar farko ta kasance, kuma zan nemi ƙaramin karaban maimakon babban da na sa wa ido. 'Yata Maman Sadiƙ, zan nemo takunkumin a makon nan. Na-Gona, saura tambaya ɗaya: idan aikin da na samu na shagon tattara lemo ne, inda ba za a ba ni wuri a gona ba, akwai wata hanya ko in haƙura da shi kawai? Kuma yaushe ya kamata in fara kiran masu gonakin?

Na-Gona (Riverland):

Akwai hanya, amma sai ka shirya ta kafin ka karɓi aikin. A masaukan karaban da filayen baje koli na ƙananan garuruwa za ka tarar da dattawan da suka yi ritaya suna zagaya ƙasa, da yawansu suna da karnuka ko sun taɓa riƙewa, kuma wasu suna karɓar jiran kare da rana a kan ɗan kuɗi kaɗan. Sai dai su matafiya ne, yau suna nan jibi sun tashi, don haka ka nemi mutum na biyu mazaunin garin. Asibitin dabbobi na garin da shafin Facebook na mutanen yankin su ne wuraren tambaya. Ka cire kuɗin jiran daga albashin ka ga abin da ya rage, domin wani lokaci aikin gona mai ƙaramin albashi da wurin zama kyauta ya fi shi riba. Ka kuma tambayi shagon ko suna da aikin yamma ko na dare, wanda zai bar ka tare da karnukan a sa'o'in rana.

Kiran kuwa ka fara shi tun Maris, ka sake kira a Afrilu, domin manomi ba ya tabbatar da ranar farawa sai ya ga launin lemonsa. Ka iso da kwana biyu ko uku kafin ranar aiki, karnukan su saba da wurin kana tare da su, ka kuma ga yadda inuwa take tafiya daga safe zuwa yamma kafin ka kafa shinge. Idan ta hanyar Mildura za ka shigo jihar Kudancin Ostireliya, inda Riverland yake, akwai shingen bincike a Yamba saboda ƙudan 'ya'yan itace, kuma ana cin tara a kan tuffa ko tumatir guda, don haka ka cinye ko ka zubar da su a kwandunan da aka ajiye kafin ka isa wurin. Dare a nan yana sanyi har raɓa ta daskare a Yuni da Yuli, saboda haka ka taho wa tsohon da riga da shimfiɗa mai kauri wadda ta ɗaga daga ƙasa, da ɗan katakon da zai riƙa takawa ya hau bayan mota ba sai ya yi tsalle ba.